Takardar lafiyar mota ba ta taka burki

Ɗana, jiya da yamma muna wanke hannu ka tambaye ni game da Corolla ɗin da kawunka yake son saye. Ka ce dillali ya nuna masa takardar shaidar lafiyar mota wadda wa'adinta bai ƙare ba, ya ce masa tunda hukuma ta duba, ba sai an kira bakanike ba. Kana son ka san ko takardar ta wadatar. Lokacin magariba ta kawo jiki, ban so in ba ka amsar tsaye ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ba ta wadatar ba. Takardar da 'yan VIO suke bayarwa tana da amfaninta, kuma doka ce, amma ko da an duba motar tsakani da Allah, shaidar ranar da aka duba ce kawai. Wata takwas a kan hanyar Kaduna zuwa Kano ya isa ya cinye burki da shokozoba. Kuma kai ma ka san mutane da yawa kuɗi suke ba wani ya je ya sabunta musu takardu, motar tana fake a ƙofar gida. Saboda haka ka karɓi takardar ka karanta, sannan ka tambayi motar da kanta ko ta yarda da abin da aka rubuta a kanta.

Da lambar casis ake farawa, kafin a buɗe bonet. Tun 1981 lambar nan guda 17 ce, haruffa da alƙaluma, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da inda aka buga ta a kan ƙarfen motar. Ka rubuta ta a takarda da hannunka, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya a takardar kwastan, da lasin mota, da inshora, da takardar mallaka. Harafi ɗaya ya saɓa, ka ce wa kawu ya riƙe kuɗinsa. Ka shafa wurin da yatsa: in ka ji alamar walda ko goga, ko ka ga fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, an taɓa lambar, kuma mai gaskiya ba ya taɓa ta. Farkon lambar yana faɗa maka ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin kasuwar Amurka na goma shi ne shekara: 5 tana nufin 2005, 8 tana nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai na sha kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekara uku a baki.

Takardar kwastan kada ka yi wasa da ita. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina bin daji ba. Motar da ba a biya mata diyuti ba, duk kyanta, ranar da aka tare ta a hanya mai ita ne zai yi kuka. A je ofishin kwastan a tantance takardar, a kuma bincika wajen 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta.

In motar daga Amurka ta fito, tana da tarihi a rubuce, kuma wayarka ta isa ta buɗe shi. Ka sa lambar casis a intanet. Da yawa daga cikin motocin da muke kira Beljiyam daga wajen gwanjo irin su Copart aka sayo su, bayan kamfanin inshora ya ce gyaransu ya fi ƙarfin kuɗinsu, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan. Za ka ga motar da ke sheƙi a gabanka da gaba a murƙushe. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motoci, kuɗi ake biya, amma yana nuna haɗari, da ambaliya, da abin da mita ta nuna duk lokacin da aka kai ta sabis. In a 2016 ta nuna mil 160,000, yau kuma tana nuna 90,000, an juya ta. Ka tuna kuma mil suke ƙirgawa: mil 150,000 kimanin kilomita 240,000 ne.

Haɗari ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba, ruwa ne. Guguwar da ta afka wa birnin Hustan na Amurka a 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irin waɗannan ba sa ɓacewa, jirgi suke hawa. Shekarun baya na raka wani bawan Allah ya sayi mota, na saurari inji, na duba giya, na ce masa ya biya. Wata biyu ba a yi ba gilashi ya daina sauka, fitilun dashbod suka riƙa kunna kansu, rewaya uku suka gaza. Ranar da na cire kujera na ɗaga kafet, sai ga busasshen laka kwance a ƙasa, soket ɗin wayoyi sun yi kore shar. Mutumin bai ce mini komai ba, shirun nan nasa har yau yana damuna. Tun daga ranar nake jan bel har ƙarshensa in duba tabon ruwa, in leƙa ƙarfen da kujera take gudu a kai, in ɗaga safaya in sansana ramin. Motar da aka cika wa turare, ka tambayi kanka me ake rufewa.

Ka je inda take da sassafe, inji da sanyi. In ka dafa bonet ka ji ɗumi, an riga ka tayar da ita, ka sa wata ranar. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, da ta ABS, da ta iyabag, dole duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne. Ka jona kwamfutar gwajin mota. In ta nuna ba a daɗe da goge matsaloli ba, ka nemi dalili. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga kumfa kalar kunun gyaɗa, ruwa yana haɗuwa da mai, gaskit ya tafi. Hayaƙi mai shuɗi a salansa mai take sha. Ka duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, don sau da yawa dabarar ɓoye zafi ce, ka kuma leƙa ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, tana nan ko an sare ta an sayar.

Jiki kuwa maganaɗisu zai gaya maka, inda ya ƙi kamawa a wurin da ya kamata a ce ƙarfe ne, fila ce aka cika don rufe lotsawa. Sannan a hau rami. Casis da aka miƙe da wuta ba ya ɓuya daga ƙasa, haka tsatsar gishirin da suke zubawa a tituna lokacin ƙanƙara a Kanada. Taya kuma ka karanta alƙaluma huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Zanenta na iya zama da sauransa alhali robar ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya tausayin tsohuwar taya.

Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Ka karɓi tuƙin, ka kashe rediyo, ku tashi daga Kwangila ku wuce Samaru har Shika, inda za ta samu ta miƙe ta shiga duk giyoyinta. Ka sassauta hannu a sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka burki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka, a dawowa ka saka ta hanyar gargada ka saurari ƙafafunta. In kun tsaya, bar ta tana aiki minti goma da iyakwandishan a kunne, idonka a kan allurar zafi, sannan ka duƙa ka ga abin da ya ɗiga a ƙasa.

Dillali la'adarsa yake nema, ba laifi ba ne, amma kai amanar kawunka ce a hannunka, kuma iyalinsa ne za su zauna a bayan motar nan. Ka gaya masa kada ya ba da ko kafin alƙalami. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai a kawo ta gareji tare da takardunta na asali, ba hoto ba. Kai za ka shiga ramin da tocila, ni ina tsaye a sama, duk abin da ka gani ka faɗa mini kafin in sauko in duba da kaina.