Abin da muke nufi da "lik" a Zangon Akra

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi kan kalmar nan ta Turanci da 'yan'uwanka na nan unguwar Nima a Akra ba sa rabuwa da ita, wato "lik". Ka ce a Kano yoyo kuka sani, ko zuba, to me ya kawo ta cikin maganar jarrabawa da ta gwamnati?

Ka tuna mu a Gana muka buɗe ido. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi da nan Akra, wadda tsofaffi ke kira Ankara. A gida Hausa muke yi, a kasuwa mu haɗa da Tuwi da Ga, amma makaranta da ofis duk Turanci ne. A Turancin kuwa duk abin da ya sulale ta inda bai kamata ba, ruwa ne ko iska ko magana, da kalmar nan ɗaya ake faɗarsa.

Mafi yawan amfaninta a wurinmu kan rufin ɗaki ne. Gidajen zango na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Damina babba na kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, kuma iskar teku na cin kwano da tsatsa fiye da yadda kuka saba a Arewa. Da dare sai ka ji ɗiga a kan katifa, uwar gida ta tashi ta ja yara gefe, ta tara roba, ta naɗe tabarmar salla ta ɗora a kan akwati. Da safe a nufi mai gida. Da yake mai haya kan biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi, al'adarmu ita ce ya sayi kwanon da ƙusa ya gyara, a rubuta a gaban shaida, a cire masa idan ya zo sabunta haya. In an yi gardama, liman ko sarkin zango ke raba ta, da wuya a kai kotu.

Wanda muke tsoro shi ne na mai da gas. Daren 3 ga Yuni 2015 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Man ya tsiyayo ya hau kan ruwan ambaliya, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Shugaba John Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku. A Oktoban 2017 kuma gas ya fashe a mahaɗar Atomic, hanyar unguwar Madina ta nan Akra, inda Hausawa ke da yawa. Tun daga nan matanmu suka ƙara kula: in an kawo sabuwar tukunyar gas sai a shafa kumfar sabulu a bakinta da kan tiyo, in ta yi ƙwai-ƙwai a fitar da ita waje, kada kowa ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki.

Na jarrabawa kun san shi, ku ma kuna ƙarƙashin WAEC. A Yunin 2015 ɗin nan hukumar ta soke takardu biyar na jarrabawar gama ƙaramar sakandare saboda tambayoyin sun fita tun kafin a shiga aji, yara suka sake zama. Haka a 2023 wani faifan murya ya fita na masu ƙulla yadda za a tsige sufeton 'yan sanda George Akuffo Dampare, har majalisa ta kafa kwamiti. Irin waɗannan, mu ma "lik" muke cewa, ba na ganin laifin hakan.

Inda nake ja da samarinmu shi ne sirrin gida. Yanzu sai a tura hoton yarinya ko muryar matar aure a WhatsApp, su ce wai abin "lik" ya yi, kamar shi ya fita da kansa. A'a. Mutum ne ya ɗauka, mutum ne ya danna ya tura, kuma sunan wannan a wurinmu tonon asiri da cin amana. Zango wuri ne da kowa ya san kakan kowa, magana ɗaya na iya hana yarinya aure daga Nima har Kumasi. Shi ya sa dattawa ba sa sake wa irin wannan. Akan kira yaron da ubansa gaban liman, a karɓi wayar a goge, a bi waɗanda ya tura wa ɗaya bayan ɗaya. In iyayen yarinyar suka ce ba su yafe ba, dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba, kuma a yanzu ba ma hana su zuwa wurin 'yan sanda.

Ka gaishe da mahaifiyarka da sauran 'yan gida.