Tambaya da Amsa: Shekara Nawa Sufa-kafasita Zai Yi a Gefen Batirin Mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran wutar mota ne. Na jera sufa-kafasita (na'urorin ajiye wuta masu cika da sakin wuta cikin sauri) guda 6 masu bolt 2.7 kowanne, na jona su da batiri don mota ta riƙa tashi bugu ɗaya. Mai sayarwa ya ce sai an yi musu caji sau 500,000 kafin su gaji. Gaskiya ne? — Wani mai karatu daga Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam. Bai yi maka ƙarya ba, Malam, rabin zancen ya faɗa. Yawan caji ba shi ke kashe su a mota ba, zafi ne da yawan bolt.

Duba takardar kamfanin. Galibi za ka ga kwanan kowanne awa 1,000 ne a zafin digiri 65, bisa cikakken bolt ɗinsa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita kuwa, duk raguwar digiri 10 na ninka kwanansa: awa 2,000 a digiri 55, awa 4,000 a 45, awa 8,000 a 35, wato ƙasa da shekara kaɗan. To, ka tuna ranar Afrilu a Kano da ke haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet kusa da inji. Ni dai da motata ce, cikin but ko ƙarƙashin kujera zan kai su da waya mai kauri, kuma da fis.

Inda ka dace shi ne lissafin bolt. Shida sun ba ka 16.2, altaneta kuma wajen 14.4 take bayarwa, kowanne na ɗaukar 2.4 ke nan. Wannan sassaucin na ƙara musu kwana sosai. Amma fa sai in sun raba wutar daidai. Idan babu allon daidaita wuta, ɗaya zai riƙa shan fiye da 2.7 alhali jimillar na nuna lafiya lau, shi zai fara lalacewa ya ja sauran. Kunna mota ka sa mita a kan kowanne daban.

Ba kasafai suke mutuwa farat ɗaya ba, sanyi suke yi a hankali. Kamfanoni na ɗaukar ya ƙare idan ƙarfin riƙonsa ya ragu da kashi 20 ko 30 cikin 100, ko turjiyar cikinsa (yadda yake tare wucewar wuta) ta ninka. Ga gwajin: ɗauki ɗaya ka cika shi, ka ja amfa 1 tsayayye. In ya sauka daga bolt 2.5 zuwa 1.5 cikin daƙiƙa 100, farad 100 gare shi (farad shi ne ma'aunin ƙarfin riƙon wuta). Rubuta adadin yau, ka sake bayan wata 6. Wanda ya kumbura ko ya fitar da farin gishiri a baki, cire shi kawai.

Suna kuma tsiyayar da wuta a ɓoye, don haka motar da za ta daɗe a ajiye, cire mata kan batiri.