Lissafin aikin haɗaka: amsar da na ba yarona

Kai yaro, ka ce ku shida za ku haɗa hannu ku karɓi aikin bencinan makaranta, kana tambayata ko gurup ɗin WhatsApp da kuka buɗe ya isa ya riƙe muku lissafi. Bai isa ba. Yadda ake auna katako da fitar da farashi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba bai kai karɓar aiki ba.

Lokacin da ake gina matatar mai ta SORAZ, kafin a buɗe ta a 2011, gine-gine sun yi yawa a Damagaram, kafinta bai zama. Mu huɗu muka karɓi aikin ƙofofi da tagogi na wani mai gidajen haya. Ɗaya daga cikinmu ya yi lakwal, ya iya Faransanci, sai muka ce shi ya riƙe kaye, wato littafin lissafi. Kuɗin ma a hannunsa. Shi ne kuma ke bi ta Matamai ya shiga Kano sayo katako da kwaɗo da ƙusa. Zai canza sefa zuwa naira wurin ƴan canji, ya dawo ya faɗi farashin da ya ga dama, mu ce Allah ya saka. Wa ya ga canjin? Ba kowa.

Ranar rabo ya kawo kayen. Da fensir ya yi rubutun duka, takardar ta yi siriri a wuraren da aka goge aka sake rubutawa, a tsakiya kuma ga zaren ɗinki a fili inda aka cire shafi. Mai gida ya rantse ya ba shi kashi na uku na kuɗin, shi ya rantse bai karɓa ba. Muka je gaban mai unguwa, ya ce ina shaida, muka tsaya muna kallon juna. Babur ɗina na sayar na biya yaran da suka yi mini aiki, don ban taɓa cin gumin yaro ba. Mai riƙe kayen nan har yau muna haɗuwa a Kasuwar Dole, ya miƙo mini hannu yana murmushi. Ina karɓa saboda Musulunci, amma raina bai huce ba.

Ku yaran yanzu kuna da abin da da mun samu da ba a cuce ni ba, amma sai kallon bidiyo kuke da shi. WhatsApp na magana ne da hoto. Duk wanda ya sayi ko da kwalin ƙusa ne, ya ɗauki hoton rasit ya tura kafin ya bar bakin shagon. Sai dai ka sani, mai riƙe da gurup yana iya goge saƙon kowa, akwai kuma tsarin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Ku kashe wannan, kuma kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ke riƙe da gurup.

Lissafin kansa ku sa shi a Google Sheets, manhajar rubuta lissafi ta intanet. Ɗana ya nuna mini, abu ɗaya ya sa na yarda da shi: yana ajiye tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi da lokacin. Mutum biyu a ba su izinin rubutu, sauran na kallo. Mai aiki kuma ya biya ta hanyoyin tura kuɗi irin Nita ko Amana ko Airtel Money, a sami rasit ko saƙo, kada kowa ya karɓi kuɗi a zaure shi kaɗai.

A cikinku na san akwai waɗanda ba su karatun boko. Kowace Juma'a bayan masallaci a zauna a karanta musu lissafin da Hausa, da ƙarfi, abin da ya shigo da abin da ya fita. Kafin ku karɓi kuɗin kafin alƙalami ka kawo mini wayar in ga sunayen waɗanda kuka ba izinin rubutun.