Tambayoyi da amsoshin lafiya: fitilar kashe ƙwari ta tsakar gida

Tun da damina ta kankama, tambayoyi uku suka iso mini a kan abu guda: fitilar nan mai shuɗin haske da ragar ƙarfe, wadda ake ratayewa a tsakar gida ko bakin shago, ƙwaro ya faɗa ka ji "tas".

Wani mai gasa nama a Yamai ya ce: "Likita, ƙwan fitilata ya mutu, na sayo wani mai tsawonsa, sai dai gilashinsa garau yake. Na saka da magariba. Can tsakar dare na farka idona kamar an zuba mini rairayi, hawaye na zuba. Yaron shagona ma haka."

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, kashe fitilar nan, kada a sake kunna ta da wannan ƙwai. Alamu sun nuna an ba ka ƙwan kashe ƙwayoyin cuta ne, mai hasken UV-C, irin wanda ake tsabtace ruwa da kayan asibiti da shi. Na fitilar ƙwari UV-A ne, jikinsa fari ne ko baƙi-baƙi, da rubutun BL ko BLB. Wancan kuwa ana hango cikinsa, yawanci lambarsa tana farawa da G ko TUV. Tsawonsu da ƙafafunsu sukan zo ɗaya, shi ya sa mai shago kan yi kuskure ba da gangan ba.

Hasken UV-C yana ƙona fatar da ke saman ido, daidai da abin da ke samun mai walda idan ya yi aiki ba gilashi. Zafin ba ya zuwa nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutum ba ya zargin fitila. Galibi ido yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ka zauna a inuwa, ka ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan fatar ido, kada ka murza, ka sha farasitamol. Ina roƙonka, ban da kwalli, ban da ruwan sukari, ban da maganin ɗigawa na masu talla a faranti. Wasu suna ɗauke da sinadarin da ke munana gyambon ido. Ku je wurin likitan ido kai da yaron a duba, musamman idan gani ya dushe ko kwana biyu sun wuce ba sauƙi. In za ka sake saye, tafi da tsohon ƙwan a hannu a gwada rubutun.

Wani saurayi daga Tawa ya rubuto: "Tamu sai ƙyafta-ƙyafta take. Na zare ta daga wuta, na sa hannu, ta fizge ni, ƙwan ya faɗi ya fashe."

Ɗana, ka auna arziki. Ragar nan tana ɗaukar bolt 2,000 ko fiye, kuma a ciki akwai abin da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya. Masu gyara sukan haɗa ragar biyu da sukuddireba mai mariƙin roba su sauke wutar tukuna. Idan ka ƙone, ko ka suma, ko zuciyarka tana bugawa ba daidai ba, asibiti za ka nufa. Ƙwan kuma akwai zaiba a cikinsa. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi kamar minti 15, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe a gwangwani. Kada a share da tsintsiya.

Ƙyaftawar kuwa, idan bakin ƙwan biyu ya yi baƙi, ya tsufa ne. Idan bakin kawai ke ja, tsakiya ba ta kamawa, a canza ɗan gwangwanin da ake kira sitata. In an canza duka biyu shiru, aikin mai gyaran wuta ne. Kuma kada a taɓa ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi.

Tambaya ta uku ita ta fi damuna. Wata uwa daga Yamai ta ce: "Mun nannaɗe sange saboda zafi, tunda muna da fitila. Amma ƙaramin ɗana jikinsa ya yi zafi. Maigida ya ce ƙwan ne ya yi sanyi."

Hajiya, maigida yana da gaskiya ta gefe guda: ƙarfin ƙwan yana raguwa bayan kamar shekara ɗaya, ko da ido na ganin yana haske. Amma ko sabo fil aka saka, ba zai tsare ɗanki ba. Sauro ba haske yake bi ba, numfashinmu yake bi, da ɗumin jiki da warin gumi. A wani binciken da aka wallafa a 1996, masu bincike a Jami'ar Delaware ta Amurka sun ƙirga ƙwari 13,789 da irin waɗannan fitilu suka kashe. 31 kacal ne masu cizo. Ƙarar da kike ji da dare, yawanci malam-buɗe-littafin dare ne da ƙananan buzuzu. Ga shi ƙwaron da ya fashe yana watsa ɓurɓushinsa, don haka kada a rataye ta kan tukunya ko tabarmar cin abinci. Wannan har da kai, mai nama.

Sauron da ke kawo masassara da dare yake farauta, lokacin da yara ke barci. Ki mayar da sange mai magani daren yau, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, ko a waje ake kwana. Idan masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sau ɗaya a wata, a tabbatar an sha na kwana ukun duka. Shi kuma ƙaramin, kada ki jira gobe. Ki kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ɗibi jini a yatsa. Cikin minti 20 za a san ko masassarar cizon sauro ce.