Tambaya da Amsa: Tsabar Azurfa Mai Shekarar 1780

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na fara tara tsofaffin tsabar azurfa na Turai. An kawo mini wata mai hoton mace da shekarar 1780, mai sayarwa ya ce samun irinta sai an tona. Ta yi baƙi-baƙi. In saya? Da me kuma zan wanke ta?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Bisa kwatancenka, tsabar Mariya Teriza ce, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780. Kada shekarar ta ruɗe ka. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga tsabar ba tare da an sauya shekarar ba, daga baya har a Landan, Faris da Rum, domin 'yan kasuwar Habasha da ƙasashen Larabawa da ita suka amince. Har yau ana buga ta a Ostiriya. Saboda haka yawancin masu yawo a hannu, farashinsu bai wuce na azurfar jikinsu da yawa ba. Bugun farko-farko ne ke tsada, kuma tantance shi sai ƙwararre.

Kafin ciniki, ɗora ta a sikelin da ke nuna giram 0.01. Ta gaskiya giram 28.07 ce, faɗinta kusan milimita 40, azurfarta kashi 83.3 cikin ɗari, sauran jan ƙarfe. Tsufa kan rage kaɗan, amma in ta gaza da giram guda, ajiye masa abinsa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai dalma da jan ƙarfe ma ba ya kama su, don haka wannan gwajin kaɗai bai isa ba. Duba bakinta da gilashin ƙara girma: akwai rubutu mai tudu a kewaye. Jabun da aka yi da zubi yakan nuna layin haɗi a nan, da 'yan ramuka inda iska ta maƙale lokacin da ƙarfen ke sandarewa.

Batun wanki kuwa, don Allah kada ka goge ta. Baƙin nan ƙibiritun iska ne ya hau azurfar, kuma masu tarawa suna son sa. Man goge baki ko na goge ƙarfe yana barin siraran karce da ba sa gyaruwa, nan take darajarta ta faɗi. In datti ne, jiƙa ta a tataccen ruwa, ka tsane ta da kyalle mai laushi ba tare da cuɗawa ba. Riƙe ta ta baki, ka kuma raba ta da ledar PVC mai laushi, wadda kan bar mata koren danƙo mai cin ƙarfe.