Yadda kamfanonin lemo ke auna ƙaruwar cinikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin lemo a Kano. Na karanta cewa a 2023 kayan da Coca-Cola ya sayar a duniya sun ƙaru da kashi 2 cikin 100 kacal, amma kuɗin shigarsa ya ƙaru da kashi 6. Yaya ake wannan awon, kuma me ya raba alkaluman biyu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Dukansu daidai ne, abin da kowanne ke aunawa ne daban. Na farkon yawan ruwan lemon da ya fita yake ƙirgawa, babu ruwansa da farashi ko yawan kwalabe.

Coca-Cola yana da mudunsa. Duk abin da aka sayar, kwalba ce ko roba ko gwangwani, ana mayar da shi wani kiret na lissafi mai cin oza 192 ta Amurka, wato kofi 24 mai oza 8, kusan lita 5.68. A 2022 an sayar da biliyan 32.7 na wannan kiret, a 2023 kuma biliyan 33.3. Ka cire na bara daga na bana, ka raba da na bara, sai ka samu kusan kashi 2 ɗin nan. Kamfanonin giya su da hektolita suke awo, wato lita 100, amma dabarar ɗaya ce.

Gwada a shagonka. Kiret mai kwalba 24 ta santilita 35 lita 8.4 ke nan, ƙunshin roba 12 mai santilita 50 kuma lita 6. A ce bara ka sayar da kiret 1,000 da ƙunshi 500, bana kiret 800 da ƙunshi 900. In ka ƙirga da kai, 1,500 ya koma 1,700, ka ga ƙarin kashi 13, abin murna. In ka auna da lita kuwa, 11,400 ce ta koma 12,120, ƙarin kashi 6 da ɗoriya. Masu saye sun karkata ga roba ne, shi ya kumbura lissafin farko. A nan ne mafi yawan diloli ke ruɗin kansu, kuma a ganinmu duk wanda bai mayar da littafinsa lita ba bai san girman kasuwarsa ba tukuna.

Akwai awo na biyu da ake yawan haɗa shi da wannan. Uwar kamfanin da ke Atlanta galibi ba ita ke ɗura lemo ba. Sinadarin haɗi take sayar wa masu ɗurawa, irin su Nigerian Bottling Company da ke ƙarƙashin Coca-Cola HBC, su kuma su haɗa su kai kasuwa. Idan mai ɗurawa ya yi odar sinadari da yawa a ƙarshen zango, wato wata uku na lissafi, don ya cika sito, cinikin uwar kamfani zai yi sama alhali ba a ƙara shan ko kwalba ɗaya ba. Zango na gaba sai ya sauko. Shi ya sa ake bayar da alkaluman lemon da aka sayar da na sinadarin gefe da gefe.

Sai batun kwanaki. Zangunan Coca-Cola uku na farko suna rufewa ne ranar Juma'ar da ta fi kusa da ƙarshen watan, na huɗu kuma ranar 31 ga Disamba, don haka tsawon zangon farko da na ƙarshe yana canzawa. Zangon farko na 2021 ya fi na 2020 da kwana biyar. Kwana ɗaya a zangon wata uku ya kai kashi 1 cikin 100, ka ga kwana biyar kaɗai na iya ƙirƙiro ƙaruwar da babu ita. Maganinsa shi ne a raba cinikin da yawan kwanaki, a kwatanta na rana da na rana. Azumi ma yana shiga tsakani, tunda yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara: a 2024 ya fara a Maris ya ƙare a Afrilu, a 2025 kuwa duk a Maris ya faɗo. Mai kwatanta Afrilun shekarun biyu ba tare da lura da wannan ba zai ɗauka kasuwa ce ta mutu.

Idan an sayi wani kamfani, kamar yadda Coca-Cola ya mallaki Chi, mai Chivita da Hollandia, gaba ɗaya a 2019, ana daidaita lissafin don kada kayan da aka saya su zama tamkar ƙaruwa.

Yanzu ga kuɗin. A 2023 kuɗin shigar ya kai dala biliyan 45.8. In aka ware canjin kuɗi da saye da sayar da kamfanoni, ƙaruwar kashi 12 ce: kashi 2 daga sinadarin da aka sayar, kashi 10 daga tsadar farashi da irin kayan da aka fi saye, domin ƙaramin gwangwani ya fi babbar roba kawo kuɗi a kowace lita. Faɗuwar kuɗaɗen ƙasashe a gaban dala, kamar yadda naira ta yi bayan an sake ta a Yunin 2023, ita ce ta cinye mafi yawan tazarar da ke tsakanin 12 da 6.

Kai ma a littafinka ka ware shafin lita da shafin naira, kuma kayan da ke jibge a sitonka kada ka rubuta su a cikin waɗanda suka fita.