Ƙanwata ta bugu a kai a wasan zari-ruga, za ta iya buga wasa ranar Asabar?

'Yar'uwa, kin ce an kayar da ƙanwarki a atisaye, kanta ya daki ƙasa, ba ta suma ba, amma tun daga nan ciwon kai da jiri ba su sake ta ba. Kada ta buga wasan Asabar.

Rashin suma ba ya nuna lafiya lau take. Yawancin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma, kuma alamun kan ɓoye sai bayan awanni. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin da nake ji mata tsoro. Ka'idar World Rugby, hukumar wasan zari-ruga ta duniya, ga 'yan wasan da ba ƙwararru ba ita ce aƙalla kwana 21 kafin komawa gasa, mata kuma sau da yawa alamunsu sun fi daɗewa.

Da farko ta huta kwana biyu, ta rage kallon waya, wani ya kwana kusa da ita. Farasitamol ya isa, banda asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Kada a tafi kemis a ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Idan tana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko farfaɗiya, ko tashinta daga barci ya yi wuya, ku wuce Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika nan take. Ko babu waɗannan, likita ya duba ta kafin ta koma fili. Allah ya ba ta lafiya.